Milimita Biyu na Malam Mukhtari

A Illela kowa injiniya ne. Wanda ya taɓa riƙe wa bakanike sifana sau ɗaya, injiniya ne. Wanda ya taɓa zama gidan gaba daga nan zuwa Gwadabawa, shi ma injiniya ne. Ko mai shayin bakin tasha, in mota ta ƙi tashi, ajiye kofi yake yi ya zo ya sanar da kai cewa fulogi ne. A cikin wannan tarin masana mutum ɗaya kawai na sani da ya yarda cewa idonsa yana iya yi masa ƙarya, shi ya sa muka daɗe muna cewa notin kansa ya kwance. Sunansa Mukhtari, mu kuma muka ƙara masa da Milimita.

Ɗan Tozai ne. Ubansa manomin gero ne da albasa, kuma tun Mukhtari yana saurayi tsohon ya fidda rai da shi. In an tura shi yin kunya, sai ya ɓata rabin safiya yana jan igiya don layin ya miƙe, alhali 'yan'uwansa sun kai ƙarshen gona sun juyo. Tsohon ya ce shi dai bai taɓa ganin geron da ya ƙi fitowa don kunya ta karkace ba. Da Mukhtari ya kai shekara ashirin da biyu sai ya tsallaka iyaka zuwa Ƙonni, ya faɗa hannun wani dattijo mai suna Idi, mai sayar da tsofaffin tayoyi da rim, wato ƙarfen nan da ake ɗora taya a kansa.

Ranar farko Idi ya ajiye masa rim biyu, kowanne mai rami biyar, ya ce ya gaya masa bambancinsu. Mukhtari ya juya su, ya ɗora ɗaya a kan ɗaya, ya leƙa ta ramukan, ya ce ai uwa ɗaya uba ɗaya ne.

"Diba da kyau," in ji Idi.

"Baba, na diba. Ɗaya ne."

Idi ya zaro wani ƙarfen awo daga aljihu, mai baki kamar na kada, ana buɗe shi ana rufewa, da lambobi ƙanana a jikinsa. Ya auna na farko ya nuna masa lambar, ya auna na biyu ya nuna masa. Ba ɗaya ba ne.

"Ido na ganin saniya mai ƙiba," in ji tsohon, "shina ganin mace mai kyau. Milimita kuwa ba ya ganinta. Riƙe wanga."

Abin da Idi ya koya masa ba wani sirri ba ne. Ramukan da ke jikin rim, waɗanda ƙusoshin mota ke shiga a ɗaure su da noti, a kan wata da'ira suke zaune wadda ba a zana ta ba, kuma faɗin da'irar nan shi ne magana. In ramukan huɗu ne ko shida, da sauƙi: ka auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar wanda yake fuskantarsa. In biyar ne babu mai fuskantar wani, sai ka auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar maƙwabcinsa, ka ninka da ɗaya da ɗigo bakwai. Abin da ya fito dole ya yi daidai da na ƙusoshin da ke jikin motar. Wanda bai wuce aji shida ba ma zai iya, Mukhtari kansa iyakar karatunsa ke nan. Sai dai yana cin minti biyar, mu kuwa a garin nan muna da lokacin zama awa uku a majalisa muna gardamar wa ya fi wa shanu, amma ba mu da minti biyar ɗin.

Shekara takwas ya yi a Ƙonni. Da ƙarfin Idi ya ƙare, 'ya'yansa suka mayar da shi ƙauyensu, ya bar wa Mukhtari ƙarfen awon. Mukhtari ya dawo Illela ya kafa rumfa a bakin titin da ke zuwa iyaka, ya jera rim ɗinsa kashi-kashi, kowane kashi da lambarsa rubuce da alli a jikin bango. Ya auri Tasalla, tela ce mai keke a cikin gida, kuma ita kaɗai ce a unguwarmu ba ta ga abin dariya a sana'arsa ba. Ta ce ita ma in ta yanka wa mace riga da ido, sai dai matar ta ɗaura ta a ka.

A tsallaken titi, daidai fuskar rumfarsa, akwai Bashar, wanda ake ce wa Bashar Guduma. Kayan aikin Bashar uku ne: ƙaramar guduma, babbar guduma, da magagari. In rim ya shiga, ya shiga. In ya ƙi, sai a ba ramin magagari har ya koyi ladabi. Bashar bai taɓa ce wa mai mota a'a ba, saboda haka jama'a suka tabbatar shi ne ƙwararre. Mukhtari kuwa sai ka zo da rim ɗinka da ka ɗauko tun daga Ƙonni a bayan babur, kana murna, ya tsuguna ya auna, ya yi lissafinsa da alli, ya ɗago kai ya ce maka, "Ba naka ba ne." Kai da ka saya da guminka, wani ya ce ba naka ba ne. Sai ka ɗauki abinka ka tsallaka titi inda ake girmama mutane.

Haka ya shekara goma. Yana samun na tuwo daga direbobin doguwar hanya, masu zuwa Agadas da Kano, waɗanda suka taɓa ganin abin da ƙafar mota ke yi in ta yi fushi. Sauran gari kuwa na Bashar ne.

Wata Lahadi da hantsi, ranar kasuwa, Alhaji Abdulmutallib ya tsaya a gaban rumfar. Alhaji dillalin shanu ne a kara, mutum mai faɗin kafaɗa da faɗin murya, wanda in ya ce bijimi ya kai kaza ba mai musa masa. Ya sayi mota Kamri bai fi wata biyu ba, sai wani abokinsa na Ƙonni ya aiko masa da rim huɗu na alminiyam masu ƙyalli, waɗanda aka ciro daga jikin Marsandi. Ya ce ya ji ana cewa Mukhtari yana da tsabtar aiki, ba ya son a ƙwarzane masa su. Ina wurin, ina jiran a ƙara wa babur ɗina iska, kuma kafin a sauke rim na huɗu daga but mun kai mutum goma sha biyar, duk injiniyoyi.

Mukhtari ya ɗaga motar da jak, ya cire ƙafa ɗaya, ya auna ƙusoshi. Ya auna sabon rim. Ya sake aunawa. Ya rubuta lambobi biyu a bango.

"Alhaji, ba naka ba ne."

"Mi kac ce?"

"Motarka ɗari da sha huɗu ce da ɗigo uku. Wanga rim ɗari da sha biyu ne. Ramin tsakiya ma ya yi wa motar yawa, nauyin duka bisa ƙusoshi za ya sauka."

"To gwada mu gani mana."

Mukhtari ya ɗaga rim ɗin ya ɗora. Ya shiga sumul. Mu duka muka yi guɗar maza, wato wannan "Ahaf!" da ake yi in an kama malami da kuskure.

"Ya shiga ko bai shiga ba?" in ji Alhaji.

"Ya shiga, amma bai zauna ba. In na ɗaure noti, kowace ƙusa za ta ɗan karkata. Kullum kana tahiya suna lanƙwasa kaɗan-kaɗan har su gaji."

"Bambancin nawa kac ce?"

"Milimita biyu da 'yan kai."

"Nuna min milimita biyu."

Mukhtari ya roƙi tsinken ashana wurin mai shayi, ya ɗaga shi sama, ya ce kaurinsa ke nan. Alhaji ya karɓi tsinken ya juya shi a gaban jama'a kamar mai tallar magani.

"Jama'a ku taya ni gani. Ni da nike loda bijimi talatin a tirela, tsinken ashana za ya hana ni tahiya." Ya sa tsinken a baki ya fara sakace.

Dariyar da aka yi har masu albasa na can gefe suka waiwayo. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba, kuma tawa ta fi ta wasu ƙara. Mukhtari ya mayar da tsohuwar ƙafar, ya sauke jak. Alhaji ya tada mota zai tsallaka wurin Bashar, sai Mukhtari ya sunkuya ta taga ya ce masa, a hankali, amma da yake mun yi tsit don mu ji, duk mun ji:

"Alhaji, in ka ji sitiyari na rawa kada ka ce hanya ce. In ba ka cire su ba, wata rana ƙafar nan sai ta riga ka isa inda za ka."

Bashar ya ɗaura su huɗun a cikin kwata na awa, ko magagari bai taɓa ba.

Da a labarin da ake ba yara ne, kafin Alhaji ya kai kara ƙafar ta fita. Ba ta fita ba. Sati ya wuce, wata ya wuce, damina ta zo ta tafi, motar tana ta sheƙi a gari. Alhaji ya mayar da rumfar Mukhtari tashar dole. Duk wucewa sai ya rage gudu, ya danna hon, ya sauke gilashi.

"Milimita! Gaishe ka! Har yau muna tare da ƙafarmu!"

Gari ya ɗauka. Mai shayi ya koma tambayarsa sukari milimita nawa za a zuba masa. Mai tsire ya ce ba zai sayar masa ba sai ya auna tsinken. Wani liman ɗan barkwanci ya ce a riƙa sa shi gaban sahu ya daidaita ƙafafu. Mukhtari yakan yi murmushi, amma mu da muke maƙwabtaka da shi mun ga ya rame. Tasalla ta gaya wa matata cewa yakan zauna a tsakar gida bayan la'asar da ƙarfen awon a hannu, yana auna tsabar kuɗi, yana auna murfin kwalba, wai yana so ya tabbatar ƙarfen bai lalace ba. Wata rana ya tambaye ta ko dai Baba Idi ya yi kuskure ne.

"Malam," ta ce masa, "ɗinki ma ba ranar da anka yi shi yake ɓarkewa ba. Ci tuwonka."

A wata na tara, wata Juma'a, Mukhtari ya ga motar Alhaji a ajiye a gefen masallaci. Bayan an sallame ya tsuguna a ƙafar gaba ta dama, ya ga noti ɗaya babu shi, ƙusar ta guntule tun daga gindi. Bai tara jama'a ba, bai kira shaida ba. Ya bari sai da yamma ya tafi gidan Alhaji shi kaɗai, ya yi sallama a zaure.

"Alhaji, ba gardama ta kawo ni ba. Ƙusa ɗaya ta tahi, saura huɗu na ɗauke da aikin biyar. Ka kawo motar gobe in mayar maka da tsoffin, ko ka kai wa wanda kake so ya mayar. Kana ɗaukar iyali a cikinta."

Alhaji ya dube shi daga hula har takalmi.

"Wato na bakin titi bai ishe ka ba, sai ka biyo ni har gida ka yi min baki? Mi na tare maka, Mukhtari?"

"Ba ka tare min komi ba."

"To Allah ya fi ka. A gaida gida."

Washegari Alhaji ya kai motar wurin Bashar, Bashar ya duba ya ce huɗu ma sun isa, ai akwai motocin da aka halicce su da huɗu.

Wata biyu bayan haka aka yi suna a Amarawa, gidan wani aminin Alhaji. Ya fito da safe cikin babbar riga, da rago a but, da mutum uku a baya. Gab da shiga garin akwai wani wuri da kwalta ta zaizaye, dole kowa ya rage gudu, kuma wannan shi ne karo na farko da na ji mutane suna sa wa ramin hanya albarka. Motar ta faɗa ramin a hankali, ta fito, sai aka ji ƙas, gaban dama ya durƙusa kamar raƙumi. Waɗanda ke ciki ba wanda ya ko ƙwarzane. Ƙafar kuwa ba ta ga dalilin tsayawa ba. Ta gangara gefen titi, ta ratsa wata gonar da aka girbe, ta bi ta tsakanin rumbuna biyu, ta faɗa filin da aka shimfiɗa tabarmi ana jiran manyan baƙi, ta kifar da ƙwaryar fura, sannan ta yi juyi uku ta kwanta a gaban mai gida tana ƙyalli. Mai gidan ya san rim ɗin, don ba mai irinsa a yankin. Ya ce, "Alhaji Abdulmutallib ya iso." Sai bayan minti goma Alhaji ya ƙaraso a ƙasa, ana jan rago a bayansa.

Kafin azahar labari ya cika Illela. Mai hankali zai zaci daga ranar za mu je mu ba Mukhtari haƙuri, mu roƙe shi ya koya mana awo. Mun fi ƙarfin haka. Abin da muka tuna shi ne maganarsa ta taga. Ya ce ƙafar za ta riga Alhaji isa, ta kuwa riga shi isa, har cikin tabarma. Ƙarfe ba ya jin Hausa, balle ya san gidan suna, saboda haka wani ne ya aike shi. Bashar ya rantse a majalisa cewa aikinsa ba shi da aibu, shaida kuwa wata goma sha ɗaya ƙafar tana zaune lafiya, sai da aka bi ta da baki har gida. Wani ya tuna cewa Mukhtari ya shekara takwas a tsallake, kuma wa ya san abin da tsohon nan ya ba shi ya sha. Wani ya ce dama ya daɗe yana zargin lambobin nan da yake rubutawa a bango.

Alhaji ya kai ƙara wurin mai unguwa. Aka zauna a zaure bayan la'asar, zauren ya cika har waje. Mukhtari ya zo da rim ɗin da ya fita, da guntayen ƙusoshin a cikin leda, da ƙarfen awonsa da allinsa. Da aka ba shi dama ya tsuguna ya zana da'ira biyu a ƙasa, ɗaya cikin ɗaya, ya nuna inda ƙusa take da inda rami yake. Ya ɗaga guntun ƙusa ya nuna yadda rabin bakinsa ya yi tsatsa, alamar ya daɗe da tsagewa, rabin kuma fari sabon karaya. Ya nuna ramukan rim ɗin da suka cinye ta gefe ɗaya. Ya yi magana ta kusan minti ashirin, ban taɓa jin ya yi doguwar magana haka ba. Daga ƙarshe ya miƙa wa mai unguwa ƙarfen awon ya ce ya gwada da hannunsa.

Mai unguwa ya janye hannu cikin riga.

"Mun ji, Malam Mukhtari, mun kuma gamsu. Bayaninka ya yi kyau ƙwarai." Ya gyara murya. "Sai dai abin da za mu roƙe ka, kai da Allah ya ba baki, ka riƙa tausasa shi. In ka ga abu, ka yi wa mutane fatan alheri. Kai kuma Alhaji, ka yi haƙuri, ka nemi sulhu da shi."

Alhaji, wanda ya shigo da niyyar a kori Mukhtari daga bakin titi, ya dubi da'irorin nan biyu da ke ƙasa, ya ɗan matsar da ƙafarsa daga kusa da su. Muryarsa ta sauka.

"Malam, abin da ya wuce ya wuce. Sauran ƙafafu ukun nan, a taimaka a janye bakin."

Mukhtari ya tattara guntayen ƙusoshin ya mayar cikin leda.

"Kawo motar gobe in cire su," ya ce.

Washegari aka jawo motar. Ya canza ƙusoshin da suka karye, ya duba sauran ya canza waɗanda suka lanƙwashe, ya mayar da tsofaffin rim ɗin ƙarfe baƙaƙe da motar ta zo da su. Sitiyari ya daina rawa. Alhaji ya shaida wa duk kara cewa an karya abin.

Tun daga ranar rumfar Mukhtari ba ta sake zama babu mota ba. Aka daina ce masa Milimita a gabansa, ya koma Malam. Mutum zai zo ya tuɓe takalmi a bakin rumfar da ke cike da baƙin mai, ya durƙusa ya ce, "Malam, a diba muna." In ya auna ya ce ba naka ba ne, kafin ya rufe baki an mayar da rim cikin but ana godiya. Shekarar da aka rufe iyaka, lokacin da kowane irin tarkacen rim ke shigowa ta daji a bayan babura, mutane har layi suke yi a tantance musu. Bashar ya ga kasuwa tana tsallaka titi, sai ya sayi tef ɗin awo ya rataya a wuya. Har yau ba wanda ya ga ya warware shi, amma yana yi masa kyau.

Wasu suka wuce maganar mota. Wata mata ta zo tambaya ko mijinta da ya tafi Agadas zai dawo. Wani mai neman kansila ya aiko da goro a duba masa. Mukhtari ya ce da ɗan aiken in kansilan yana da ramuka a kawo shi ya auna, aka koma aka ce Malam ya yi magana mai zurfi.

Abin yana cinsa. Duk wanda ya zo sai ya jawo shi ya ce, "Zo ka ga lambar da kanka," mutumin kuma sai ya kau da kai ya ce, "A'a Malam, mun yarda." Ya koka wa Tasalla cewa da ana yi masa dariya ba a ji, yanzu ana jin tsoronsa ba a ji.

"Shekara goma kana hwaɗa musu da awo sun ƙiya," ta ce. "Yanzu suna bi da tsoro. Ƙafa dai ba ta hita, ko? To mi ya dame ka?"

Ya ce shi so yake ko mutum ɗaya ya gane. Ta ce to ya jira, ta ci gaba da taka kekenta.

Ya jira shekara huɗu. Bara, wata Lahadi, rumfar cike, sai ga wani Bafulatani dogo mai suna Hammadu, daga rugar da ke bayan Gidan Katta, da sanda a kafaɗa da wani abu naɗe a tsumma. Ya tsaya har layi ya zo kansa. Bai tuɓe takalmi ba. Ya ce yana da amalanken shanu da suke ɗebo ruwa da ita, ƙafafunta na tsohuwar mota ne, rim ɗaya ya tsage. Ya sayi wani a kasuwa sau biyu yana kaiwa gida ba ya shiga, ga nisa, amalanke kuma ba ta zuwa da ƙafa ɗaya.

Ya warware tsumman. Kwalin sabulu ne da aka buɗe aka shimfiɗe, a jikinsa tabo huɗu baƙaƙe, da babban zagaye a tsakiya.

"Na shafa baƙin tukunya bisa kan ƙusoshin," in ji Hammadu, "na danna kwalin a kai. Na ce tunda idona ya cuce ni sau biyu, bari in kawo sawunsu awa yadda muke bin sawun saniya. Ban sani ba ko ya yi."

Mukhtari ya karɓi kwalin da hannu biyu. Ya shimfiɗa shi a kan benci, ya buɗe bakin ƙarfen awon daga tsakiyar tabo zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa.

"Ɗari da arba'in. Tsohuwar Fijo ce. Wa ya koya maka wanga?"

"Ba kowa. Wancan abin na hannunka, yaya yake hwaɗa maka lambar?"

 Mukhtari ya jawo kujera ya zaunar da Hammadu, ya sa masa ƙarfen a hannu, ya nuna masa inda ake karantawa. Hammadu bai san boko ba, amma ya san ƙirga, kafin rabin awa ya auna rim uku da kansa ya ware wanda ya yi daidai da kwalinsa daga can ƙasan tari, wani mai tsatsa da ya shekara biyar ba wanda ya tambaye shi. Masu motoci suna tsaye suna duba agogo, ba mai ƙarfin halin yin magana.

Daga nan Mukhtari ya yi abin da bai taɓa yi ba a ranar kasuwa. Ya ce da masu jira su dawo gobe, ya ja ƙyauren rumfa ya sa kwaɗo. Ya ɗaure rim ɗin a bayan babur ɗinsa, Hammadu ya hau ya riƙe sandarsa a tsaye, suka nufi hanyar Gidan Katta. Ya ce yana so ya ga rim ɗin ya zauna da idonsa.

Bai dawo ba sai gab da magariba, da goran nono rataye a hannun babur, yana ta fara'a kamar wanda aka yi wa albishir. Mu kuwa a majalisa tuni mun gama bincike, mun gano cewa shanun Fulanin ne aka yi wa sammu, Malam ya tafi karyawa.